Masakwa ba ta jiran ɗan kwangila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffen Garwa ne a arewacin Kamaru, unguwar Hausare. Fatauci ne ya kawo kakana daga ƙasar Kano, yana zuwa da tufafi yana komawa da abin da ya samu, har bakin Binuwai ya karɓe shi, ya yi aure ya zauna. Mahaifina tela ne, a kan keken ɗinki ya ciyar da mu har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa Allah ya ajiye abincina cikin siminti da rodi da ƙura. Da riƙon littafin sunayen lebura na fara, yau ina karɓar kwangilar kaina: ajujuwan makaranta, ɗakin shan magani, shaguna, wani lokaci bene mai hawa ɗaya. Ɗan ƙanwata ne da ya shigo harkar bana ya dame ni da tambaya guda: "Kawu, in ka wayi gari ma'aikata sun watse, ya ake yi?" Na ga amsar ta fi ƙarfin hirar bayan isha'i, shi ya sa na zauna na rubuta, ko wani ma ya amfana.

Da na gama makarantar koyon sana'a, mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin wani Alhaji ɗan kwangila, abokin sahunsa a masallaci. Ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan. In ya yi ba daidai ba ka hora shi, ba sai na ji ba." Ina tsammanin zanen gini za a ba ni in riƙa nunawa da yatsa, sai aka miƙo mini littafi da biro. Aikina in tsaya bakin ƙofa da sassafe in sa wa kowa alama, in ƙirga buhunan simintin da suka fita daga sito, ranar Asabar in zauna gefen Alhaji ana kiran suna ana biya. Aiki ne da kowa ke rainawa, amma mai littafi shi ke fara hango abin da ke tafe. Ka ga wane ya fara makara a jere, in ka bincika sai ka tarar matarsa ce ke kwance. Ka ga 'yan ƙauye guda sun haɗa baki suna roƙon a ba su kuɗinsu tun Alhamis, to akwai biki, ko rasuwa, ko wani aiki da ke kiransu. Ruwa ba ya tsami banza.

Shi kuma jadawalin da injiniya ke zanawa, harsashi mako kaza, jeren bulo mako kaza, rufi mako kaza, da ilimi aka yi shi, ban taɓa raina shi ba. Abu guda kawai ya ɗauka tabbas, wai hannuwan da suka zo ranar Litinin su ne za su dawo ranar Talata.

Marwa ce ta fara nuna mini haka ba ya tabbata. Alhaji ya samu aikin benen shaguna a can, kilomita wajen 200 daga gida, ya tura ni tare da babban magininsa, wani dattijo ɗan ƙasar da kowa ke ce wa Baba. Mun fara cikin damina, aiki ya tafi sumul, har muka kai ga zuba kankaren rufin hawa na farko a farkon Oktoba. Wanda bai san gini ba, wannan zubin shi ne ranar da ta fi kowace buƙatar mutane. Ba mu da injin tura kankare sama. Layi ake yi, masu kwaɓa a ƙasa, masu miƙa kwano a kan tsani, masu bazawa a sama, kuma in an fara ba a tsayawa sai an gama, don in wani ɓangare ya daskare kafin a haɗa shi da sabo, nan ne wata rana zai tsage ya yi yoyo. Buhu 7 ake sa wa kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi, ga yashi ga tsakuwa, duk a kan wuyan mutane za su hau.

An tanadi komai. Simintin Figil yana sito, kafinta ya gama dandamali, an ɗaure rodi. Ranar Litinin na buɗe littafi na tsaya bakin ƙofa, har rana ta ɗaga ban sa alamar da ta cika hannu biyu ba. Wurin ya yi tsit kamar kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci. Na ruga wurin Baba hankali tashe, na same shi yana shan kununsa. Ya ce, "Ɗana, ba ka ga ruwa ya janye daga karal ba? Sun tafi dashe."

Mutanen Borno da na Cadi sun san masakwa, amma na san akwai masu karatu da ba su taɓa ganinta ba. Dawa ce ta rani. Ana yafa irinta a ɗan fili tun damina ba ta ƙare ba, idan ruwa ya janye daga baƙar laka mai tsagewa, wadda a nan ake kira karal, sai a cire a dasa. Wani yana soka ƙaton turke mai tsini yana yin rami, wani na zuba ɗan ruwa, wani na saka dashen. Daga nan ba ta ƙara ganin ruwan sama, da damshin da lakar ta riƙe take rayuwa har a girbe ta wajen Fabrairu. Wahalarta lokaci. In ƙasa ta yi jiƙe da yawa ba ta dasuwa, in ta bushe an makara, tsakanin biyun 'yan makonni ne. A cikin 'yan makonnin nan duk filin Diamare, daga Salak har wajen Kaele, babu namiji mai ƙarfi da ke zaune. Mai gona yana gonarsa, wanda ba shi da gona yana ƙodago a ta wani, kuma masu manyan gonaki suna biya fiye da yadda ɗan kwangila ke biya, ga tuwon rana.

Alhaji ya kira ta waya yana faɗa, wai 'yan aikin nan ba su da amana. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Kai kana ba su abincin yini, karal tana ba su na shekara. Ko ni da ƙuruciyata da ka neme ni ka rasa." Ƙarshe dai mota aka cika da lebura daga Garwa, aka ɗauki nauyin cinsu da kwanansu, aka yi zubin har tsakar dare da fitilu. Ginin yana nan tsaye har gobe, amma ribar wannan hawan a hanya ta zube.

Da aka sake samun irin aikin a Marwa, Baba ya zaunar da ni da Alhaji, ya yi mana lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Kankaren rufi in an zuba shi, ba a cire turakun da ke tallafe da shi sai ya yi kwana 21, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28. A wannan tsakanin abin da ya fi buƙata ruwa ne, safe da yamma, musamman makon farko. Ya ce to me zai hana a matsa a yi zubin a ƙarshen Satumba, mutane na nan, sannan a sallame su da hannu biyu su tafi dashe, kankare yana shan ruwansa? Ban ruwa kuwa matan unguwa masu ɗiban ruwa aka ɗauka, suka yi shi fiye da yadda maza ke yi, don su ba sa tsallake lungu. Har Baba ya sa Alhaji ya ba wasu amintattu bashin kuɗin maganin ciyawa, a cire a hankali in sun dawo. Cikin Nuwamba suka dawo, kusan babu wanda ya ɓace. Mutumin da ka sallama da kanka yana dawowa da fuskarsa. Wanda ya sulale kuwa kunya ma tana hana shi, sai ya nemi wani wurin.

Tun daga nan duk aikin da zan karɓa, kafin in dubi kalandar bango sai na dubi ta gona. A wajen Garwa da Gidar da Pitowa auduga ce ke ɗauke mutane, tsinta daga ƙarshen damina har cikin hunturu, sannan ranar da kamfanin auduga na Sodecoton zai auna ta wani ƙauye kada ka sa ran ganin ɗan ƙauyen. Ruwan farko na Mayu ko Yuni shi ma yana kwashe su. Waɗannan duk ba bazata ba ne, kowace shekara suna zuwa, mu ne dai 'yan birni muke mamaki kowace shekara.

Wani abu da na ɗauka daga Baba, bai taɓa cika wurin aiki da 'yan gari ɗaya ba. Da farko na zaci son a san shi da yawa ne. Ashe in ka ɗebo mutanenka duka daga ƙauye guda, rasuwa ɗaya ta isa ta rufe maka aiki har a yi sadakar uku. Shi sai ya gauraya. Ga Mafa daga duwatsun Mokolo, waɗanda jeren dutse gadonsu ne, ga Tupuri da Masa daga wajen Yagwa, ga Mundang, wasunsu ma daga Lere cikin Cadi, ga Kanuri ga mu Hausawa. Fulatanci ke haɗa kowa, wanda ya yi boko ya ɗan tsoma Faransanci. Ranar Juma'a Kiristoci na riƙe da aiki har mu dawo daga masallaci, Lahadi in ta kama dole mu ne muke fita. Sallah ta ɗauke rabi, Kirsimeti ta ɗauke ɗaya rabin, ba a taɓa kulle ƙofa gaba ɗaya ba. Akwai 'yan uwa da ke cewa su sai nasu za su ɗauka, wai don rufin asiri. Ni dai na ga inda wannan ya kai wasu, ranar bikin ɗan sarkin ƙauyen suna zaune su kaɗai da mai gadi.

Amma akwai abin da babu kalandar da ke nuna shi. A 2014 muna gina ajujuwa a wani ƙauye kusa da Mora. Injiniyanmu ɗan kudu ne, mai ɗaurin rodi da mai walda su ma daga kudu suka zo. Tun da 'yan Boko Haram suka sace wani iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013 hankalinsu bai kwanta ba, muna dai lallaɓawa. Sai a watan Mayu aka kai hari sansanin ma'aikatan hanya a Waza, aka tafi da 'yan Sin goma masu aikin titin Mora zuwa Kuseri. Washegari injiniya ya same ni da jakarsa a kafaɗa. Bai yi dogon bayani ba, ya ce mahaifiyarsa ta kwana tana kuka a waya. Sauran biyun suna tsaye bayansa.

A lokacin Alhaji ya riga ya sakar mini ragamar wurin. Wani abokin sana'armu da ke aiki a ƙauyen gaba, da nasa suka zo masa da irin wannan, ya riƙe kuɗinsu wai sai sun gama. Ni na kira Alhaji na ce, "Alhaji, ina ganin a biya su cif, a ƙara musu kuɗin mota." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yi abin da ka gani." Roƙo ɗaya na yi wa injiniya, ya ba ni yinin nan kawai. Muka zauna ƙarƙashin dalbejiya ni da shi da Baba da wani yaro Bamafe da ke taya ɗaurin rodi, ya bi zanen da mu shafi shafi, kaurin rodin kowane ginshiƙi, tazarar zobba, inda za a lanƙwasa. Yaron yana zanawa a bayan takardar buhun siminti. Daga baya duk inda muka cije sai mu kira shi, yana Yawunde yana amsa mana, bai taɓa ƙin ɗagawa ba. Shi kuwa abokin namu, nasa sun gudu cikin dare duk da haka, suka tafi da zanen ma.

Abu na biyu da na yi, wanda yawancin ƙananan 'yan kwangila ba sa yi, na sa aka rubuta wa waɗanda suka ba mu aikin takarda nan da nan, aka bayyana halin da ake ciki, aka nemi a tsayar da ƙidayar wa'adi, na karɓi kwafi mai hatimi. Ko da duk duniya ta ji labari a rediyo, ranar lissafi ba rediyo za a buɗe ba, fayil za a buɗe. Bayan harin Kolofata a ƙarshen Yuli, wanda aka sace matar mataimakin firayim minista, abubuwa suka ƙara tsanani, hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura, alhali a kan babur rabin mutanenmu ke zuwa. Muka koma aiki da 'yan ƙauyen kawai, masu zuwa da ƙafa, da izinin lawan da jauro, masu sarautar ƙauyen, a tashi tun la'asar sakaliya. An gama a makare, amma ba a ci mu tarar ko sisi ba, kuma babu wanda ya rasa ransa a hannunmu. Alhamdu lillahi. 'Yan Sin ɗin ma an sako su a Oktoban shekarar.

Bayan wasu shekaru Alhaji ya sa mini albarka na buɗe nawa. Baba ya biyo ni, yaron nan Bamafe ma ya biyo ni. Sai na faɗa daidai lokacin da Garwa ta zama filin gini guda saboda gasar cin kofin Afirka. Ana gyaran filin wasa na Rumde Ajiya, ana gina filayen atisaye, otal-otal, tituna. Gasar 2019 ce aka ba Kamaru, aka karɓe ta a Nuwamban 2018, daga baya aka ba Masar, sai a Janairun 2022 aka buga tamu. 'Yan uwanmu na Najeriya ba za su manta ba, a nan suka ci Masar ɗaya da nema, a nan kuma Tunisiya ta sallame su, Hausare ta kwana ba mai magana da wani. Mu dai ƙananan 'yan kwangila tun kafin a busa usur muka sha tamu wahalar. Manyan kamfanoni suna ɗaukar duk wanda ya iya riƙe cokalin gini, da kwalkwali da takalmi da kuɗin da ba za mu iya ba. Ka koya wa yaro aiki, ranar da hannunsa ya faɗa sai ka hango shi cikin motar kamfani yana ɗaga maka hannu.

A nan lissafi ya cece ni. Dokar kwangilar gwamnati a Kamaru ta ce in ka wuce wa'adi, kowace rana za a cire kashi ɗaya cikin 2,000 na kuɗin kwangilar har kwana 30, daga nan ya koma ɗaya cikin 1,000, har ya kai kashi 10 cikin ɗari. A ce aikin miliyan 20 ne. Kowace rana sefa 10,000 ke nan a watan farko, bayansa 20,000, kuma yana iya kaiwa miliyan 2, ban da sunanka da ya ɓaci. To in ka ƙara wa magina goma sefa 500 kowanne, 5,000 ne a yini. Wanda ya ƙi ƙarin 500 don ƙyashi, zai biya ninkinsa ga wanda ba zai ce masa an gode ba. Na ƙara wa waɗanda aikin ba ya tafiya sai da su, na kuma gaya musu a fili cewa ba zan iya kamo kamfani ba, amma gasa za ta ƙare, ni kuwa ina nan.

Sai dai abin da ya fi ƙarin riƙe mini mutane shi ne Asabar. A wajena Asabar ba ta tashi. Kowa ya san yadda kuɗin kwangila ke fita, a ba ka kashi 20 na somawa in ka kawo lamunin banki, sauran sai ka yi aiki an auna, takarda ta bi ofis ofis, wata da watanni, a ƙarshe a riƙe kashi 10 na garanti. Lebura bai san wannan ba, kuma bai kamata ya sani ba. A shekarun nan mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke sefa 36,270 ne a wata, sai a 2023 aka ɗaga. Mutumin da ke rayuwa kusa da wannan adadi, ka ce masa ya yi haƙuri sai mako mai zuwa, ka ce wa 'ya'yansa su kwana da yunwa ke nan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ko ba don lada ba, dabarar sana'a ce. Don haka duk kuɗin da ya shigo, kafin siminti, kafin komai, nakan ware na Asabar huɗu in ajiye inda hannuna ba ya saurin kaiwa.

Sau ɗaya ajiyar ta ƙare takarda ba ta fito ba. Daren Juma'a ina zaune na kasa cin tuwo, uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, gobe Asabar ko?" Na ce eh. Ta shiga ɗaki ta fito da kwasar adashinta, wadda ta yi niyyar sayen kayan ɗakin 'yarmu da ita, ta ajiye gabana. Ta ce, "Bashi ne, ba kyauta ba, kuma a rubuta." Aka rubuta. Da safe na biya kowa, babu wanda ya san daga inda kuɗin ya fito. Daga baya wasu daga cikin waɗanda suka tafi manyan wurare suka fara dawowa, don ba kowane ɗan kwangilar da ke ƙarƙashin kamfani ke biya a kan lokaci ba. Na karɓe su ban yi musu gori ba. Gori ba ya ɗaga bulo.

Jarrabawar da ta fi girgiza ni ta zo a azumin 2021, wanda ya faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. A irin wannan lokaci ba na zubi da rana, don mai azumi ba zai iya ba, kankaren ma kansa zafi na sa ya daskare da wuri ya tsattsage. Sai mu huta da rana, mu fito bayan asham mu yi har sahur. Ana saura kwana biyu zubin wani bene, Baba ya yanke jiki ya faɗi wajen alwala. Hawan jini, ɓarin jiki ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe.

Baba ba magini kawai ba ne. Shi ya san wane mai tipa ke kawo yashin Binuwai mai tsafta, wane ke haɗawa da laka. Shi ya san wanda in an haɗa shi layi da wane za a yi faɗa. Shi ke duban kwaɓi da ido ya ce a rage ruwa. Da duk wannan a kansa kaɗai yake, da aikin ya kwanta tare da shi. Amma tun daga Mora na ɗauki al'ada, kowane aiki mai muhimmanci sai ya zama akwai na biyu da ya iya shi. Mai injin kwaɓa yana da mataimaki da ke tuƙa shi ranar Laraba ko da shi yana nan. Makullin sito biyu ne. Lambobin masu yashi da tsakuwa suna littafina, suna wayar wani. Baba kansa da farko bai so ba, manyan magina ba sa son a tsaya musu a kafaɗa, suna ganin ana shirin ture su ne. Sai da na ce masa, "Baba, ba gadonka nake rabawa kana raye ba. So nake ranar da ka ce za ka Makka, in ce Allah ya kiyaye hanya, ba in ce ka dakata ba." Ya yi dariya ya ce, "To turo mini ɗan dutsen nan, shi yana da kunne."

Daren zubin na tara mutane na ce yau wannan shi ne Baba, wanda ya ƙi jin maganarsa ni ya ƙi ji. Akwai gunaguni, ba zan ɓoye ba. Yaro ne a kan wasunsu, kuma ba Musulmi ba ne, ga wani magini Bahaushe da ke ganin shi ya kamata. Na ja wannan gefe na ce, "Yaya, kai ne babba, shi ya sa nake so ka tsaya ƙasa wurin kwaɓi, nan ne in an kuskure ba a gyarawa." Ya karɓa, ko da ransa bai so ba. Muka fara bayan asham. Wajen ƙarfe ɗaya wani turke ya fara lanƙwasa ƙarƙashin dandamali, yaron ne ya ji ƙarar katakon kafin kowa, ya tsayar da layi, aka ƙara turaku, aka ci gaba. Kafin kiran assalatu an gama, ya zauna ya sha kunun sahur tare da mu.

Baba bai ƙara hawa tsani ba. Na ci gaba da kai masa kuɗin Asabar ɗinsa gida har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa. Bai da rajista da CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, kamar yawancin magina na zamaninsa, wato shekarun da ya yi yana gini ba su bar masa fansho ba. Wannan ya sa na yi wa ma'aikatana na dindindin rajista, duk da abokai na cewa ina jawo wa kaina ido. Su lebura na yini kuwa har yanzu a kan amana muke, in wani ya ji rauni ni ke kai shi asibiti in biya, kuma ina sa wannan cikin lissafi tun ranar da nake rubuta farashin kwangila, tare da kuɗin makonnin masakwa da na ranakun da ba wanda ya san da su. Wasu na cire wannan don farashinsu ya fi sauƙi su ci kwangila, sai ka ga ginin ya tsaya a lintel shekara uku, awaki na kwana ciki.

Shi ma ɗan dutsen ya tafi. Ya zo har gida da yamma, ya durƙusa ya ce, "Maigida, ina so in gwada tawa." Na ji ba daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma tun watanni kafin nan na ga alama, ya fara tambayata yadda ake cike takardun neman kwangila, kuma na riga na sa wani yaro Batupure a bayansa. Na ba shi aron injin kwaɓa na aikinsa na farko. Bana mun nemi kwangilar ajujuwa guda a wajen Gidar, shi ya samu, farashinsa ya fi nawa sauƙi kaɗan. Ya kira ni yana neman kafinta biyu zuwa Nuwamba, na ce ya ɗauka, da sharaɗin ya sako mini mai ɗaurin rodinsa a makon ƙarshe na Satumba, don ina da zubi a Marwa.